Kujerar da Ta Iso Bayan Glenys

Emrys Pritchard ba ya hawa bene sai ya ƙwanƙwasa. Zai tsaya a gindin matakala, ya ɗaga hannu ya bugi rufin da bayan yatsunsa, ya karkata kai ya saurara, sannan ya ɗora ƙafa. Ɗabi'ar ramin kwal ce. Can ƙarƙashin ƙasa, kafin mutum ya shiga sabon lungu sai ya bugi dutsen da ke bisa kansa. In ƙarar ta fito da kauri, a wuce. In ta yi amo kamar ganga, to akwai kogo a bayan dutsen, a ja da baya. An rufe ramin tun Emrys bai fara furfura ba, amma hannunsa bai sami labarin ba. A kwarinmu na kudancin Wales masu suna Pritchard sun yi yawa, sai an haɗa wa kowa da laƙabi ake gane shi. Shi nasa Emrys Ƙwanƙwasa.

Matarsa Glenys ce ta mai da abin wasa. In tana ɗakin sama ta ji bugun, sai ta amsa da dunduniya a kan katakon daɓe.

"Rufi lafiya?" in ji shi.

"Hawo, tsoho. In zai faɗo, ai kaina zai fara bi."

Haka suka tsufa. Allah bai ba su haihuwa ba, ba su kuma cika maganar ba. Shi yana da 'yar gonar wake da albasa a bayan gida, da ƙungiyar mawaƙan coci, inda ya ci gaba da zuwa ko bayan ƙurar kwal ta cinye masa numfashi, yana motsa baki kawai don kada layi ya yi giɓi. Ita tana da ɗakin sama. A cikinsa aka haife ta, a kan gadon ƙarfen da suke kwana. Kowace safiya takan ja labulensa, ta murɗa shi, ta ɗaure da wani irin ƙulli mai kunne ɗaya da ta koya wurin uwarta. A layinmu labule magana yake yi. In an buɗe, an kwana lafiya. In rana ta fito yana rufe, to an yi rashi a gidan, kuma maƙwabta za su rufe nasu har sai an kai mamaci.

Wata safiyar hunturu tana murza fulawa, muciyar ta suɓuce mata. Ɓarin jikinta na hagu ya shanye. Asibiti suka ce za su sallame ta in akwai gado a ƙasa, domin matakalar gidajen layinmu tsaye take, ga kwana a tsakiya. A ƙasa kuwa ɗaki biyu ne: kicin da ɗakin gaba.

Ɗakin gaba ba wurin zama ba ne a wurinmu. Nan ake saukar da fasto, nan ake ajiye kofunan da ba a shan shayi da su, nan kuma ake shimfiɗa gawa kafin a fita da ita. Uwar Glenys ta kwanta a ciki, ubanta ma haka. Da aka shigo da ita a keken guragu ta ga gadon asibiti a ƙarƙashin taga, daidai inda ake jera kujerun ɗora akwatin gawa.

"Ka rage wa mutane aiki, Emrys," in ji ta. Bakinta ya ɗan karkace, amma maganar ta fito. "Ba sai an sauko da ni ba."

"Kwana kaɗan ne."

"Ka ce min zan koma ɗakina."

"Za ki koma."

"Ba a nan nake so abin ya same ni ba. Ka ji ko?"

"Na ji. Na ce za ki koma."

Emrys mutum ne da ba ya yawan alkawari, shi ya sa wanda ya yi yake zaune masa a ƙirji. Ya gwada goyonta sau ɗaya. Sun kai kwanar matakala numfashinsa ya ɗauke, suka zauna a wurin su biyu, ita tana dariya tana hawaye, shi yana tari, har maƙwabciyarsu ta tsallaken titi, Eirlys Beynon, ta shigo da makullinta ta same su. Gwauruwa ce mai kaifin harshe, ƙawar Glenys tun suna makaranta. Ita ce ta buga wa ƙaramar hukuma waya, domin akwai tallafin da ake bayarwa a gyara wa nakasassu gida, a sa musu kujerar lantarki mai hawa bene a kan dogon ƙarfe.

Sai da furanni suka fito sannan aka ce za a turo mai dubawa. A nan ne suka yi abin da duk wani tsohon layinmu zai yi, har da mai ba da labarin nan. Baƙo zai zo daga hukuma, ba za a bari ya ga gida a hargitse ba. Glenys ta sa Emrys ya goge ko'ina. Kujerar bayan gida mai bokiti, wadda take amfani da ita a gefen gado, aka kai ta rumbun kwal aka rufe. Kwanon da ake mata wanka da tsumma aka tura ƙarƙashin matakala. Ta sa rigar coci, Eirlys ta gyara mata gashi, aka ɗora ta a kujerar fasto aka rufe hannun da ya mutu da gyale. Har 'yar wainar fulawa mai zabibi ta sa aka toya a kan ƙarfe, tana zaune tana ba da umarni.

Mai dubawar yarinya ce mai ladabi, da gajiya a idanunta. Ta sha shayi a kofin da ba a shan shayi da shi. Ta tambaya, "Misis Pritchard, yaya kuke fama?"

"Muna lallaɓawa, 'yar nan. Ba mu da abin kuka."

"Wanka fa, da bayan gida?"

Glenys ta dubi bango. "Muna da dabararmu. Ai akwai waɗanda suka fi mu buƙata. Ƙara waina."

Emrys yana tsaye a bakin ƙofa da butar shayi a hannu. Ya san ya kamata ya yi magana. Amma faɗin gaskiya yana nufin ya ambaci bokiti a gaban baƙuwa, matarsa tana sanye da rigar coci. Ya ƙara wa baƙuwar shayi.

Da yarinyar za ta tafi ya ce mata yana da hannu a aikin katako, ko zai fara cire tsohon mariƙin matakalar, ya rage wa masu aiki wahala?

"Kada ka taɓa ko ƙusa ɗaya, Mista Pritchard. Duk aikin da aka fara kafin a amince, tallafin ya faɗi. Ka jira mu."

Layin jira biyu ne a wurin hukuma, na gaggawa da na masu lallaɓawa. Wainar Glenys ta saka su a na biyu.

"Kun ga abin da fankama ta ja muku," in ji Eirlys. "Da kun bar mata bokitin a tsakar ɗaki ta yi tuntuɓe da shi."

"Ke da kika yi min gashi?" in ji Glenys.

"Ni gashi aka ce in yi. Ban ce ki yi mata sarauniya ba."

Bazara ta wuce, wani hunturun ya zo ya tafi. Wasu mutane suka zo suka auna matakala. Bayan watanni wasu dabam suka zo suka sake aunawa, wai na farkon sun bar aikin, awon ya tafi da su. In Emrys ya buga waya, murya mai daɗi takan ce masa suna kan layi, shi kuma ya yi godiya ya ba da haƙurin damun su. Kowace safiya yakan hau, yana hutawa a kwana, ya buɗe mata labule don kada maƙwabta su yi zaton wani abu. Ƙullin bai taɓa zo masa daidai ba. Yana ƙwanƙwasawa kafin ya hau, kamar kullum, sai dai babu mai amsawa daga sama. Glenys tana kwance a ɗakin gaba tana jin takun masu awo a bisa kanta.

"Kowa na hawa benena," in ji ta, "ban da ni."

Da ganye ya fara zuba a shekara ta biyu, wata ranar Laraba da la'asar, ya shigo mata da shayi ya tarar ta juya fuska wajen ƙofar matakala. Shayin ya huce a hannunsa. Masu shirya gawa da suka zo ba su sha wahala ba, gadon kawai suka matsar. Layi ya rufe labule. Bayan an kai ta kowa ya buɗe nasa, ban da na ɗakin sama, domin Emrys ya daina hawa. Yana kwana a kujerar kicin.

Ba a yi wata biyu ba, wata farar mota ta tsaya a ƙofar gidan cikin ruwan sama. Maza biyu suka fito da dogon ƙarfe a kafaɗa, sun jiƙe sharkaf, suna fara'a.

"Mista Pritchard? Mun kawo wa uwargida motarta. Ina take, mu gaishe ta?"

Emrys ya buɗe baki. Ruwa yana ɗiga daga hulunansu, sun riga sun shigo da rabin ƙarfen cikin zaure. A wurinmu ba a mai da ma'aikacin da ya zo cikin ruwa. Ko kuwa wani dalilin ne dabam, ban sani ba.

"Ta ɗan fita," in ji shi. "Sukari nawa?"

Kafin la'asar sun gama. Kujerar mai launin toka ce, da ɗamara da ake ɗaurawa a ƙugu. Babban cikinsu ya nuna masa: ba ta motsi sai an danne ɗan hannun da ke gefenta, ko a kira ta da wata 'yar na'ura ta hannu. Ya ce Emrys ya hau ya gwada.

"Ba tawa ba ce."

"To ka gaya mata kada ta yi gudu, akwai 'yan sanda a kwana."

Suka bar kujerar a gindin matakala. Na'urar hannun kuwa Emrys ya jefa ta a aljihun tebur cikin ledarta, ko batir bai sa mata ba.

Da gari ya waye ya fito daga kicin zai ɗauko madara a bakin ƙofa, sai ya ga zauren ya yi faɗi. Dogon ƙarfen yana nan, ya miƙe ya sha kwana. Kujerar ba ta nan. Ya tsaya da hannu a kan mariƙi. Daga sama wani haske mai laushi yana saukowa a jikin bango, irin wanda matakalar ba ta gani ba tun ranar Larabar nan. Ba da shawararsa ba hannunsa ya tashi ya bugi rufi. Ya karkata kai.

Tsofaffin gidaje suna da motsinsu, katako yakan yi ƙara in sanyi ya sake shi. Emrys ya fi kowa sanin haka, ya yi rayuwarsa yana rarrabe ƙarar da ke da ma'ana da wadda ba ta da ita. Ya daɗe a tsaye. Sannan ya koma kicin ya ɗora ruwa, ya sauko da kofi biyu.

Eirlys ta shigo da hantsi, ko gaisuwa babu.

"Yaushe ka koyi ƙullin?"

"Wane ƙulli?"

"Kada ka mai da ni yarinya, Emrys Ƙwanƙwasa. Shekara biyu kana ɗaure labulen nan kamar mai ɗaure akuya. Yau na duba na ga kunne ɗaya."

"Mutum yakan koya."

Ta dubi kofuna biyun. Ta leƙa zaure ta dubi ƙarfen. Ta ce tana da wanki, ta fita.

Daga nan abin ya sami tsarinsa. Da safe kujerar tana sama, labule a buɗe. Da la'asar, lokacin shayi, yakan ji wani ɗan gunji kamar na ƙudan zuma a cikin bango, in ya leƙa sai ya tarar da ita a ƙasa, ɗamararta a ɗaure, ƙofar ɗakin gaba kuma a ɗan buɗe, ko da ya rufe ta. Bai taɓa ganin tafiyarta ba, bai kuma nemi gani ba. Abu ɗaya ne ya dame shi: me ya sa take saukowa? Daga baya ya ga kamar ya gane. Wanda aka sallama daga asibiti da sharaɗin kwana a ƙasa, in mai bin doka ne irin Glenys, ba zai daɗe a sama ba tare da izini ba.

Ana haka aka kira taro a tsohon zauren 'yan kwal, domin ƙorafi ya yi yawa a kan tallafin nan, hukuma ta turo wani babba ya saurara. Eirlys ta zo ta tsaya a kan Emrys har ya sa kwat.

"Tana raye ka yi shiru. Yanzu kuma wa kake jin kunya?"

Zauren ya cika da sanduna da kekuna. Wata mata ta ce a wurin wanke kwanuka take wa mijinta wanka. Tegwyn Howells na layin ƙasa, wanda suka yi aiki a rami ɗaya da Emrys, aka yanke masa ƙafa saboda ciwon sukari, ya ce shi da gindi yake hawa bene, da baya da baya, kuma ya gama wanduna uku. Aka yi dariya kaɗan, irin wadda ba ta kai ciki. Babban jami'in yana ta gyaɗa kai. Eirlys ta zunguri Emrys, ya miƙe. A tsawon rayuwarsa bai taɓa kai ƙarar kowa ba.

"Sunana Pritchard, layin sama. Kujerarmu ta zo. Mai kyau ce, yaran sun yi aiki mai tsafta." Ya tsaya ya nemi numfashi. "Matata ta riga ta tafi. Na yi mata alkawari ne, shi ke nan. Da kun zo da wuri kaɗan."

Ya zauna. Jami'in ya sauko da kansa ya riƙe hannunsa, ya tambayi lambar gidan.

Wannan karon ba su ɓata lokaci ba. A cikin makon yarinyar nan mai dubawa ta zo, ta ƙara ramewa. Ta ƙi zama. Ta yi ta'aziyya, ta ce hukuma ta amsa laifinta, ba su san Misis Pritchard ta rasu ba sai a wurin taron. Sannan ta dubi takalmanta ta ce kujerar kayan hukuma ce, in mai ita ya rasu akan kwance a kai wa na gaba. Za a turo masu aiki ranar Litinin da la'asar.

"Wa za a kai wa?"

"Ba a ba ni izinin faɗa ba. Gida ne mai matakala irin taku."

Gidajen layin ƙasa da na layin sama magini ɗaya ne ya yi su, kwanarsu ɗaya. Emrys ya tuna wandunan Tegwyn. Babu yadda zai ce a'a, bai ma yi niyyar cewa ba. Abin da ya tsaya masa shi ne la'asar. Da la'asar kujerar tana ƙasa. In suka kwance ta a lokacin, wadda ta sauko da ita ta sauko ke nan, kuma ɗakin gaba ne zai zama nata har abada.

"Ku zo ku ɗauka kawai," in ji shi. "Ni zan kwance muku da safe."

"Mista Pritchard, ba a so ka taɓa."

"Na sani, 'yar nan. Ko ƙusa ɗaya. Me za ku hana ni yanzu?"

Da za ta fita ta tsaya a zaure, ta dubi kujerar da ɗamararta a ɗaure a kan babu kowa, ta ja jakarta jikinta ta raɓa ta gefe, kamar yadda ake raɓa mutum.

Ranar Lahadi ya je coci ya tsaya a layin mawaƙa. Waɗanda ke kusa da shi sun ce a baiti na ƙarshe sun ji muryarsa, siririya, karo na farko cikin shekaru. Da yamma ya aro sukurudireba mai dogon hannu wurin Eirlys, na marigayi mijinta.

"Ka bari yaran su yi mana. Da wane numfashin?"

"Akwai aikin da ba a ba baƙo."

"Ka gaishe ta," in ji Eirlys, ta rufe ƙofa da sauri, kamar maganar ce ta suɓuce mata.

Safiyar Litinin hazo ya sauko daga dutse ya kwanta a kan rufin gidaje. Eirlys ta ga labulen sama a buɗe da ƙullinsa mai kunne ɗaya, hankalinta ya kwanta. Amma hantsi ya yi kwalbar madara tana nan a bakin ƙofa. Ta ɗauki makulli ta tsallaka.

Emrys ya yi aiki sosai. Ƙarfen ƙasa, daga gindin matakala zuwa kusa da kwana, ya kwance shi ya jingina da bango, ya goge shi da tsumma. Ƙusoshin ya tara su a cikin ɗan farantin shayi, na kofunan nan na ɗakin gaba. Ƙofar ɗakin gaban kuwa a rufe take ruf. Ta kira sunansa, shiru. Ta ce ba ta san lokacin da ta ɗaga hannu ta bugi rufin ba. Abin da ta ji ba ta faɗa wa kowa ba, ni ma ban tambaye ta ba. Ta dai hau.

Kujerar tana can ƙarshen matakala, ɗamararta a kwance, an naɗe ta a kan mazauni kamar abin da aka gama amfani da shi. Emrys yana kan gadon ƙarfe, a gefensa na dama inda ya saba kwana, ya cire takalma ya jera su. Ya bar wurin hagu a sarari. Likita ya ce zuciya ce, kuma abin mamaki ne mai huhu irin nasa ya kai sama bayan wannan aikin.

Eirlys ta je taga za ta rufe labule, yadda al'ada ta ce. Ta kai hannu kan ƙullin, ta tsaya, ta janye. A ranar nan gidaje duka a layinmu sun rufe labulensu, ban da gidan da aka yi rashin.

Da la'asar farar motar ta zo. Kujerar ba ta sauko ba, ba ta da hanyar saukowa. Masu aikin suka tsaya a zaure da huluna a hannu suna duban inda ya tsaya. A daidai kwanar matakala, wurin da ya taɓa zama da ita a bayansa, sukurudireban yana tsaye a kan wata ƙusa da ta fito rabi, hannunsa yana kallon sama.